Mai Ya Shiga Ƙasa Ko Rijiya: Yadda Ake Bin Sawunsa Har A Tsabtace Wurin

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini a kan wannan batu ita ce: "Ruwan rijiyarmu ya fara warin fetur, da me za mu wanke ta?" Wani kuma mai gidan mai ne da lissafin tankinsa ya daina cika, wani janareta ne ya shekara yana ɗigar da dizal a wuri guda har ƙasar ta yi baƙi ƙirin. Kowa so yake a ba shi magani a jimla ɗaya, kuma ban ga laifinsa ba, domin wanda ruwan shansa ya lalace ba ya da haƙurin dogon bayani. Sai dai a wannan aiki, bin matakai a jere shi ne maganin. Asarar da na fi gani tana faɗawa ne kan waɗanda suka fara wanki tun ba su san inda man yake ba, ko yawansa, ko inda ya dosa.

Ka riƙe abu ɗaya kafin mu fara. Fetur da kananzir da dizal duk ba su kai ruwa nauyi ba: lita ɗaya ta fetur kimanin giram 750 ce, ta dizal kimanin 840, ta ruwa kuwa 1,000. Idan mai ya zube, yana tsiyaya cikin ƙasa har ya tarar da ruwan ƙarƙashi, sai ya baje a kansa. Daga nan ya rabu gida huɗu: wanda ya maƙale a jikin ƙasa, wanda ke yawo a saman ruwa, wanda ya narke a cikin ruwan, da tururin da ke tasowa sama. Kowanne da yadda ake auna shi, kowanne da yadda ake fitar da shi.

1. Tsare rai tukuna

A daina shan ruwan da girki da shi tun ranar da aka ji warin. Wanka ma a dakata, musamman da ruwan zafi, saboda zafi yana sakin sinadarin cikin iska a shaƙe shi. A nemo wa mutanen gidan wani ruwan, a kuma faɗa wa maƙwabta masu rijiya ko burtsatse. Kada kunya ko tsoron rigima su sa ka yi shiru. Da 'ya'yansu suke shan ruwan.

Gargaɗi: tafasawa ba ta gyara wannan ruwa. Wani ɓangaren man zai tashi ya cika ɗakin girki, sauran ya zauna a tukunya. Alam da kulorin ma ba aikinsu ba ne.

Sai wuta. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya taru a rami, da lambatu, da ɗakin ƙarƙashin gini, da cikin rijiya. Idan ya kai kimanin kashi 1.4 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa. Masu aikin suna riƙe da na'urar auna iska mai kama wuta, kuma ƙa'idarsu ita ce da zarar ta nuna kashi 10 cikin 100 na wancan mizani, kowa ya fita. Babu sigari, babu walda, babu kunna janareta a kusa. Kada a saukar da kowa cikin rijiyar don ya duba, kuma kada a zuƙo mai da famfon lantarki na gida.

2. Toshe inda yake fitowa

Ruwa ba ya tsami banza. Muddin yoyon bai tsaya ba, duk abin da za ka kashe daga baya zuba ruwa ne a kwando. Kwatanta abin da aka juye a tanki, da abin da aka sayar ko aka ƙona, da abin da sandar awo ta nuna, na makonni da dama baya. Shafa wa ƙarshen sandar man shafawa na gwaji, mai canja launi idan ya taɓa ruwa. Ruwa a gindin tanki yakan nuna akwai huda. Sannan a kira masu gwajin matsi su gwada tankin daban, bututun daban. Sau da yawa tankin lafiyarsa ƙalau, laifin yana mahaɗar bututu, ko ƙarƙashin famfon sayarwa, ko bakin da tanka ke juye mai. Abin da ya faɗi gwaji a kwashe man cikinsa a daina amfani da shi.

Idan a sama ya zube, a datse shi da tudun yashi, a toshe bakin lambatu, a tsane shi da busasshen yashi ko tsumman tsotse mai, a zuba a duro mai murfi.

Gargaɗi: kada ka kore shi da tiyo, kada ka zuba garin sabulu. Sabulu yana farfasa man ya gauraya da ruwa, ya nutse da sauri fiye da da. Ido zai ga wuri ya yi fes, alhali ka tura matsalar inda shebur ba ya kaiwa.

A nan ne kuma ya kamata a kashe famfunan burtsatsen da ke kusa. Duk famfon da ke zuƙa yana jawo gurɓataccen ruwan zuwa wajensa.

3. Sanarwa da taswira

Sanar da hukumar kula da muhalli ta inda kake, da kamfanin inshora idan akwai, a rubuce. Dokokin ƙasashe da yawa sun wajabta haka cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, kuma hukumar ce za ta faɗa maka mizanin da za ka kai kafin ta yarda an gama. Buɗe littafi ɗaya na aikin: rana, abin da aka gani, hoto, wanda ya yi.

Zana wurin a takarda, ka sa tankuna, bututu, rijiyoyi, rafi, gidaje, da duk inda aka taɓa haƙa rami aka binne bututu ko waya. Ƙasar da aka mayar cikin irin wannan rami ta fi sako-sako, mai yana binta kamar hanya. Bututun ruwan sha na roba da ya ratsa ƙasa mai fetur yana iya barin sinadarin ya ratsa jikinsa ko da bai fashe ba, don haka a sa shi cikin abin da za a gwada. Tambayi tsofaffin ma'aikatan wurin ko akwai tankin da aka daina amfani da shi aka bar shi a binne. Idan wurin ya daɗe, a gwada dalma ma, domin fetur mai dalma bai ƙare a motocin duniya ba sai 2021, da Aljeriya ta sayar da na ƙarshe.

4. Samfurin ƙasa

Kayan aiki: matonin hannu mai juyawa ko injin haƙa, na'urar auna tururin mai da ake kira PID, ledoji masu zif, kwalaben gilashi daga ɗakin gwaji, safar hannu ta roba, kula da ƙanƙara, burushi da bokitai na wanke kaya.

Mita ɗaya da rabi na farko a haƙa da hannu, saboda wayoyi da bututu. Fara daga gefen da kake zaton yana da tsabta ka nufo wurin da ya fi lalacewa, kana wanke matonin tsakanin rami da rami. Ɗauki ƙasa duk bayan rabin mita ko mita ɗaya, da duk inda launi ko laushin ƙasar ya canja, kuma lallai ka ɗauka daidai inda ta fara jiƙa, domin nan mai ya fi taruwa. Rubuta abin da ka gani: yashi ne, laka ce, tsakuwa ce. Ƙasar da asalinta ja ce ko ruwan ƙasa, ka tarar ta koma toka-toka mai ɗan kore, alama ce mai ya daɗe a wurin.

Gwajin nan-take haka yake: cika leda rabi da ƙasa, rufe, murmushe ta daga waje, bar ta minti 10 zuwa 15 a inuwa, sannan ka zura bakin na'urar ka rubuta lamba mafi girma. A daidaita na'urar kowace safiya da iskar gwajinta. Ta fi jin fetur. Dizal da tsohon mai suna iya nuna ƙaramar lamba alhali ƙasar cike take.

Gargaɗi: ƙasar cikin ledar ba ita za a kai ɗakin gwaji ba, ta riga ta saki abin da ake nema. Na fetur ana ɗaukar kimanin giram 5 da sirinjin da aka yanke bakinsa, a tura kai tsaye cikin kwalba mai metanol. Na dizal ana cika kwalbar gilashi taf.

Ci gaba da matsawa waje da ramukan har ka sami ƙasa mai tsabta ta kowace kusurwa, da kuma ta ƙasa. Wanda ya tsaya a rami uku don ya rage kuɗi bai san iyakar abin da yake yaƙi da shi ba.

Gargaɗi na biyu, kuma shi ne mafi nauyi a wannan mataki: idan injin ya tarar da shimfiɗar laka mai kauri a ƙarƙashin gurɓataccen wuri, ya tsaya. Wannan lakar ita ce murfin da ke kare ruwan da ke zurfi. Huda ta ba tare da an fara sa bututun kariya an liƙe da siminti ba, buɗe wa mai ƙofa ne zuwa ruwan da unguwa duka ke sha.

5. Rijiyoyin sa-ido

Waɗannan ƙananan rijiyoyi ne da ba a shan ruwansu, idanun aikin ne. Aƙalla uku, kuma kada su zama a layi ɗaya. A jera su kamar duwatsun murhu, domin da maki uku ne ake gane inda ruwa ke gangarawa. A aikace ana bukatar fiye da haka: ɗaya a sama da wurin yoyo inda mai bai kai ba, ɗaya a tsakiyar ɓarnar, biyu ko uku a gangare, da ɗaya can gaba tsakanin ɓarnar da rijiyar mutane mafi kusa, wadda za ta zama mai gadi.

Ana amfani da bututun PVC mai faɗin milimita 50. Sashen ƙasa mai tsaga-tsaga ne don ruwa ya shiga, a kewaye shi da wankakken yashi har ya ɗan haura tsagar, a ɗora lakar bentonait mai kumbura ta toshe, a cike sauran da siminti, a sa murfi mai kwaɗo.

Ga kuskuren da na fi gani. Sashen mai tsaga dole ya haɗa sama da ƙasan fuskar ruwa, wato wani ɓangarensa a cikin ruwa, wani a sama da shi, a kuma bar sarari don hawa da saukar ruwa tsakanin damina da rani. Mai haƙa burtsatse ya saba nutsar da tsagar can ƙasa don ya sami ruwa mai yawa, kuma idan ba ka tsaya a kansa ba haka zai yi. Na taɓa tsayawa a wurin da rijiyoyi huɗu suka yi wata shida suna ba da ruwa garau, kowa ya saki jiki. Aka haƙa ta biyar taku kaɗan daga ɗayansu, aka sa tsagar daidai fuskar ruwa. Washegari muka zura gugan leda mai gani-har-hanji muka jawo shi: a samansa ga mai launin zuma ya kwanta kauri kamar yatsu uku, ruwan a ƙarƙashinsa. Duk tsawon watannin nan man yana yawo a saman tsagar waɗancan huɗun, ba ta inda zai shiga.

Gargaɗi: kada a haɗa bututun da gam. Gam ɗin PVC yana da sinadaran da za su fito a sakamakon gwaji. A sayi mai zare da ake murɗawa. Kada kuma a shafa giris a kayan haƙa.

Bayan an gama, a zuƙe rijiyar har ruwanta ya washe daga laka, a bar ta ta huta kamar mako guda kafin samfurin farko. Ruwan da aka zuƙo a tara a duro, ba a zubar a ƙasa ba.

6. Auna zurfi, gano alkibla

Mai safiyo ya auna tsayin bakin kowane bututu daga ma'auni guda, a yi ɗan tsaga a bakin inda kullum za a ɗora tef. Ana auna rijiyoyin duka a rana ɗaya, cikin 'yan awoyi, kafin a taɓa ruwan. Na'urar da ta dace ita ce tef mai kai wanda ke yin ƙara iri ɗaya idan ya taɓa mai, wata iri idan ya taɓa ruwa.

Inda akwai mai sai an gyara lissafi, domin nauyinsa yana danna ruwan ƙasa. Misali: ka tarar da fetur a mita 6.00, ruwa a mita 6.20. Kaurin man santimita 20 ke nan. Ninka da 0.75, ka sami santimita 15. Cire wannan daga 6.20, zurfin ruwa na gaskiya ya zama mita 6.05. Wanda ya manta wannan gyara zai zana ruwa yana gangarowa zuwa wurin yoyo, ya je ya haƙa rijiyoyinsa a ɓangaren da ba shi ba. Kada kuma ka yanke hukunci da gangaren saman ƙasa. Ruwan ƙarƙashi yakan bi shi, amma famfo ɗaya mai ƙarfi a kusa yana iya juya shi.

Kaurin man da ke cikin bututu ba shi ne kaurinsa a ƙasa ba, yawanci ya fi. Yana kuma raguwa ko ya ɓace idan ruwa ya hau, ya dawo idan ruwa ya ja baya. Ɓacewarsa da damina ba warkewa ba ce.

7. Samfurin ruwa

Nan ne ɗan sakaci ke ɓata kuɗin gwaji gaba ɗaya, domin abin da ake nema yana gudu cikin iska. Fara da rijiya mafi tsabta ka ƙare da mafi lalacewa, kowace da sabon tiyo da sabuwar safar hannu. Rijiyar da mai ke yawo a cikinta ba a ɗaukar ruwanta, an riga an san amsar. Sai dai a ɗauki man kansa don a gane irinsa.

Zuƙa a hankali, tsakanin mililita 100 zuwa 500 a minti, kana lura kada ruwan rijiyar ya faɗi. Auna tsami, da gishiri, da iskar oksijin, da zafi duk bayan 'yan mintuna. Idan karatu uku a jere suka tsaya wuri ɗaya, ruwan da ke shigowa na cikin ƙasa ne, ba wanda ya kwana a bututu ba.

Kwalbar 'yar ƙarama ce, mililita 40, ɗakin gwaji ya riga ya ɗiga mata asid, saboda haka kada ka ɗauraye ta. Karkata ta, ruwan ya bi jikinta a hankali ba tare da kumfa ba, har ya yi tozo a baki. Rufe, kifa ta, ɗan ƙwanƙwasa ta a tafin hannu, ka ɗaga ta wajen haske. Idan ka ga ƙwayar iska tana hawa, jefar ka cika sabuwa. Rubuta sunan rijiya da rana da lokaci, ka sa cikin ƙanƙara nan take, sanyin ya tsaya wajen digiri 4. Mai asid tana da kwana 14 kafin a gwada ta. Gara ta isa washegari.

A kowace kula a sa kwalbar ruwa mai tsabta da ta taho daga ɗakin gwaji a rufe ta koma a rufe. Idan an sami fetur a cikinta, a hanya samfuran suka gurɓata. A kuma cika kwalba biyu daga rijiya ɗaya a ba su suna daban, don a gwada gaskiyar ɗakin gwajin.

Gargaɗi: kada kular ta hau mota ɗaya da galan ɗin fetur, kada kuma a cika kwalba kusa da hayaƙin janareta.

8. Abin da za ka nema, da karanta shi

Ga fetur: BTEX, wato sinadarai huɗu na cikin fetur, benzin, toluwin, etilbenzin da zailin, sai MTBE, wani sinadari da ake ƙara wa fetur, da jimillar mai da ake kira TPH. Ga dizal da kananzir: TPH mai nauyi da rukunin sinadaran cikin mai da ake kira PAH, musamman naftalin. Tambayi ɗakin gwajin mafi ƙanƙantar abin da injinsa ke gani kafin ka biya. Idan ba ya ganin ƙasa da maikrogiram 50 na benzin a lita (maikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), "ba a samu ba" ɗinsa ba ta da amfani.

Mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya na ruwan sha, a maikrogiram cikin lita: benzin 10, etilbenzin 300, zailin 500, toluwin 700. Amurka ta tsayar da benzin a 5. Benzin ne ke jan ragamar aikin saboda yana jawo kansar jini, kuma kaɗan ya isa: lita ɗaya ta fetur mai kashi 1 cikin 100 na benzin tana ɗauke da kusan giram 9, abin da zai kai lita dubu 870 na ruwa bakin wancan mizani. Hanci ba ya tabbatar da ruwa ya tsira. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan yankin Ogoni na 2011 ya sami benzin fiye da ninki 900 na mizanin a rijiyoyin da mutane ke sha a Nisisioken Ogale.

Benzin ba ya yawan yin nisa, domin ƙwayoyin bakteriya na ƙasa suna cinye shi a hanya. Binciken ɗaruruwan gidajen mai a Amurka a shekarun 1990 ya nuna galibinsa bai wuce mita 100 daga tushe ba. Wannan a yashi da laka ne. A dutse mai tsaga ko kusa da famfo mai ƙarfi kada ka dogara da shi. MTBE kuwa yana narkewa sosai, ba ya ruɓewa da wuri, yana riga benzin isa. Shi ya sa birnin Santa Monika na Kalifoniya ya rufe rijiyoyin ruwan shansa da dama a 1996.

Ka sa a auna oksijin, da naitiret, da narkakken ƙarfe, da salfet. Idan oksijin ya ƙare a tsakiyar ɓarnar, ƙarfe ya ƙaru, alhali a rijiyar sama ba haka ba, shaida ce bakteriya suna aiki. Za ka bukaci wannan a mataki na 11.

9. Kwashe man da ke yawo

Shi ake fara cirewa, domin shi ke ciyar da sauran ukun: na jikin ƙasa, na cikin ruwa, da tururi. Idan kaɗan ne, gugan hannu ko safar tsotse mai da ake ratayawa a rijiya ana canja ta. Idan da yawa, famfo mai yawo a fuskar ruwa wanda ke aiki da iska, ko motar zuƙa da ke jan mai da tururi tare. Rubuta litocin da aka fitar kowane mako. Idan adadin ya faɗi ya kwanta, wannan hanyar ta gama abin da za ta iya.

Gargaɗi: kada ka zuƙe ruwa da ƙarfi don man ya biyo. Idan fuskar ruwa ta faɗi, man yana binta ƙasa yana shafe yashin da a da yake da tsabta, kuma idan ruwan ya dawo ya rufe shi a can.

10. Gyaran ƙasa

Idan ɓarnar ba ta da zurfi kuma ba gini a kai, haƙewa ta fi komai sauri da tabbas. A ware ƙasa mai tsabta daban, gurɓatacciya a kan tamfol a lulluɓe. Ramin da ya wuce mita 1.2 kada a shiga sai an karkata bangonsa ko an tokare shi. Kafin a cike, a ɗauki samfur daga bango huɗu da gindi, a jira sakamako. Na san jiran yana da zafi alhali katafila na cin kuɗin haya, amma sake tono ramin da aka cike aka dabe ya fi shi zafi.

Ƙasar da aka haƙo ko dai ta tafi wurin da ke da lasisin karɓa, da takardar shaida ga kowace tifa, ko a gyara ta a wurin. Gyaran kamar noma ne. Shimfiɗa leda mai kauri, ka yi mata kunya kewaye don kada ruwan sama ya kwashe, ka baza ƙasar kaurin santimita 30 zuwa 45. Zuba taki gwargwadon yadda kowane kashi 100 na kabon da ke cikin man zai sami kimanin 10 na naitirojin da 1 na fosfaras. Idan laka ce a gauraya da garin katako ta saki. Danshi ya zama wanda idan ka damƙa za ta dunƙule ba ta ɗiga ba. A juya ta duk mako ɗaya ko biyu. Iska da danshi su ne aikin. Bakteriyar da ake bukata yawanci tana nan cikin ƙasar, don haka kada ka yi saurin sayen ta kwalba. Dizal yakan ɗauki watanni, baƙin mai ya fi haka. Ƙasa mai jiƙe da fetur ba a baza ta kusa da gidaje, sai dai a tara ta tudu a lulluɓe, a ratsa ta da bututun iska.

Inda ba a iya haƙawa, ana zuƙe tururin ta rijiyoyin da tsagarsu ke sama da ruwa, a tace iskar da gawayin tacewa na musamman kafin a sake ta. Yana aiki sosai ga fetur a yashi, yana wahala a laka. Dizal ba ya tashi da sauƙi, shi ana hura masa iska a hankali ne don bakteriya su samu numfashi.

11. Gyaran ruwan

Hanya uku aka fi bi. Ta farko hura iska a ƙarƙashin fuskar ruwa, kumfar ta ɗauko sinadarin sama ta kuma ƙara oksijin. Kowane giram na benzin yana cin kimanin giram 3 na oksijin kafin ya ruɓe. Gargaɗi: ba a kunna wannan sai mai zuƙe tururi yana aiki, in ba haka ba ka tura tururin cikin gidajen mutane. Ba a kuma yin sa inda mai ke yawo har yanzu.

Ta biyu zuƙo ruwan a tace a sama: tankin raba mai da ruwa, sannan tukwane biyu na gawayin tacewa a jere, da famfon ɗaukar samfur a tsakaninsu. Da zarar benzin ya bayyana a tsakiya, a canja ta farko. A ganina wannan hanya ta tare gurɓataccen ruwa ce kada ya kai rijiyar mutane, kuma a nan tana da kyau. Wanda ya dogara da ita kaɗai don wanke wuri zai shekara da shekaru yana biyan wuta da gawayi. Akwai kuma allurar sinadarai masu ƙone mai a cikin ƙasa, amma suna haifar da zafi da matsi, aikin ƙwararru ne kawai, kuma ba kusa da tanki ba.

Ta uku barin ƙasa ta yi aikinta ana sa ido. Ta halatta idan an cire tushe, awo ya nuna ɓarnar ta tsaya ko tana ja baya, kuma babu mai shan ruwa a gabanta. Sharaɗin cire tushen ba wasa ba ne: ɗanyen man da ya zube da bututu ya fashe kusa da Bemiji a jihar Minesota a 1979, bayan fiye da shekara 40 sauransa yana nan a ƙarƙashin ƙasa masana na nazarinsa.

Game da kuɗi, a farkon aiki injin haƙa da ɗakin gwaji ne ke ci. A haƙewa, jigila da kuɗin wurin zubarwa sukan fi haƙan kansa. A injuna kuwa sayensu ba shi ne nauyin ba, wuta da gawayi da albashin mai kula da su wata-wata ne. Ka nemi ɗan kwangila ya ba ka farashin kowace mita, kowane samfur, kowane tan, da kowane wata daban-daban, ya kuma rubuta lambar da zai kai ruwan. Wanda ya ba ka jimla ɗaya da ranar gamawa tun bai haƙa rami ko ɗaya ba, ka nemi wani.

12. Kashe inji, jira, sannan a rufe

A ci gaba da auna rijiyoyin duk wata uku, da kaya iri ɗaya da ɗakin gwaji ɗaya, ana zana sakamakon kowace rijiya a jadawali tare da zurfin ruwan ranar. Idan lambobi suka sauka ƙasa da mizani, tsugune ba ta ƙare ba. Kashe injunan ka jira. Man da ya maƙale a laka yana fitowa a hankali, kuma sau da yawa lambar tana sake hawa bayan wata biyu ko uku. Idan ta hau, a sake kunnawa, ko a nemo ragowar tushen da aka tsallake. Sai an sami awo huɗu a jere, shekara guda da ta haɗa damina da rani, inji a kashe, duka a ƙasa da mizani, sannan a kai wa hukuma rahoto a nemi takardar rufewa.

Rijiyar sha da ta gurɓata ana gwada ta daban, daga bakin famfon da ake ɗiba, kafin kowa ya koma sha. Tankin ajiya na roba da tiyon da suka sha mai a canja su, domin roba tana riƙe shi. Rijiyoyin sa-ido kuma kada a bar su a buɗe bayan an tashi: a zare bututun inda zai yiwu, a cike ramin da bentonait da siminti daga gindi zuwa sama ta cikin tiyo don kada a bar kogo a tsakiya, a sa wurin kowacce a taswira, a haɗa da littafin aikin a ba mai wurin ya adana.